Mugun da Ke Cikin Wasan Ƙanwata Ni Ne

Assalamu alaikum Anti. Don Allah ki taimake ni. Yau kwana biyar ke nan ina yawo kamar wanda aka kwaɗa wa abu a ƙeya, na rasa wanda zan gaya wa ba tare da ya tuntsire da dariya ba. Na san filinki na matsalar aure ne da ta dangi da ta wurin aiki. Tawa ma ta dangi ce, sai dai ta biyo ta hanyar da ba ki saba gani ba. Ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar, ni kaina ban san ta ina zan kama ta ba.

Ni magidanci ne, shekarata arba'in da ɗaya. Aikina duba rubutu a wata maɗaba'a. Kafin a buga littafi ko kalanda ko katin gayyata, sai ya bi ta teburina na tsince kurakuransa. Jan biro ba ya rabuwa da aljihun rigata. A gefe kuma ina da wata 'yar tasha a intanet inda nake sharhin wasannin kwamfuta a bidiyo, mabiyana sun kai mutum dubu arba'in. Ba wasannin manyan kamfanoni nake bi ba, na ƙananan masu ƙirƙira ne, irin wanda mutum ɗaya ko biyu za su zauna a ɗakinsu su yi shekaru suna haɗawa. An san ni da tsanani. Ba na ɓoye wannan, da can ma alfahari nake da shi. Ina kuma da wata doka da nake faɗa a farkon kowane bidiyo: ba na duba wanda ya yi wasa sai na gama sharhinsa. Ba na neman sunansa, ba na shiga shafinsa, ba na karanta hirarsa. Wai don kada tausayi ko sanayya su shiga tsakanina da gaskiya. Anti, wannan dokar ce ta kai ni ta baro.

Wata ɗaya da ya wuce aka aiko mini da imel daga wasu da suka kira kansu Ɗakin Baya, da lambar buɗe wani sabon wasa mai suna Rundunar Takarda, suna roƙon na gwada kafin ya fita kasuwa. Bari na ɗan yi miki bayani, don na san ba harkarki ba ce. Wasan kati ne, amma ba karta ta caca ba, kada ki ce na lalace. Ana ba mutum kati goma marasa ƙarfi, kowane kati soja ne ko wata dabara. Sai ya riƙa jera su a wani fili mai gida-gida yana yaƙi da abokan gaba. In ya ci yaƙi sai a nuna masa sababbin kati uku ya zaɓi ɗaya ya ƙara a tarinsa. Gwanintar ita ce sanin wanda za a ɗauka, da wanda za a bari, da gidan da za a ajiye kowanne. Duk katin wannan wasa da hannu aka zana su, kamar a littafin ɗan makaranta, har layukan takardar ana gani.

Wallahi tun awa ta farko na san na haɗu da abin kirki. Awa talatin da ɗaya na yi a kansa cikin mako biyu, ni da ba na ba wasa fiye da awa goma. Amma abin da ya fi kama ni shi ne babban abokin gaba na ƙarshe, wanda ake kira Mai Jan Biro. Wannan mutum ba ya duka, ba ya sara, ba ya harbi. Yana zaune ne kawai a bayan tebur. Duk zagaye sai ya miƙo hannu ya zare kati mafi kyau a hannun mai wasa, ya ja masa jan layi biyu, ya rubuta wani abu a gefe, ya mayar da shi. Katin zai dawo a gyare, tsaf-tsaf, amma ƙarfinsa ya ragu rabi. Abin da yake rubutawa kuwa kala uku ne: "Sake." ko "Wa ya koya miki haka?" ko "Da kin tambaye ni." Sau goma sha huɗu yana cinye ni. Har tebur na buga, matata ta leƙo daga kicin ta ga ko lafiya.

A na goma sha biyar na gano sirrin. Akwai wata dabara a wasan da ake ajiye kati a kife, abokin gaba bai ga fuskarsa ba. Mai Jan Biro ba ya iya taɓa abin da bai gani ba. Hanyar cinsa guda ce tak: kada a nuna masa komai. A kife kowane kati, a gina rundunar a ɓoye, sai ta cika a buɗe ta gaba ɗaya. Da na ci shi na miƙe tsaye ina tafi ni kaɗai a ɗaki.

Na yi ɗan gajeren bidiyo na somin-taɓi, kafin cikakken sharhin. A ciki na ce ban taɓa tsanar wani mugu a wasa kamar wannan ba. Na ce duk wanda ya ƙirƙiro shi ya taɓa zama da irin wannan mutum, kuma Allah ya saka masa. Na kawo rubutun nan nasa kusa da kyamara na ce, ku dubi wannan hannu, rubutun wanda bai taɓa yin kuskure ba ne a ganinsa. Na ce irin waɗannan mutane maganinsu ke nan, a daina nuna musu komai. Anti, ni na faɗi wannan da bakina, ina dariya. Bidiyon ya fi duk wanda na taɓa yi tafiya. Mabiyana suka mayar da sunan abin zagi, kowa yana ba da labarin Mai Jan Biron gidansu, ni kuma ina bi ina danna musu alamar so.

Na rubuta wa Ɗakin Baya cewa aikinsu ya burge ni, kuma duk wanda ya zana katin nan Allah ya yi masa baiwa. Amsar da suka turo layi biyu ce. Suka ce sun gode, kuma wai ban san abin da wannan kalma ta yi musu ba. Na ɗauka irin godiyar da aka saba ce.

To, ranar Asabar da ta wuce da hantsi na je gaishe da Mama. Mu biyu ta haifa, ni da Auta, tsakaninmu shekara goma sha biyu. Babanmu ya rasu tana da shekara bakwai, ni na zama uba. Ni nake kai ta makaranta, ni nake zuwa taron iyaye, ni nake duba aikin gidanta. Yanzu shekararta ashirin da tara, tana koyar da kwamfuta a wata makaranta, tana zaune da Mama. Ran nan ba ta nan, ta fita. Mama ta ce fankar silin ɗin ɗakin Auta tana ƙara, na taimaka na duba. Na taka kujera, na dafa saman wadirob don kada na faɗi, sai wani kwalin takalmi ya zamo ya tarwatse a ƙasa.

Kati ne, Anti. Ɗaruruwa. An yanka su da almakashi daga kwali, an zana da fensir. Na sauko ina tsincewa ina mita a raina cewa yarinyar nan har yanzu ba ta iya adana kaya ba. Na uku da na ɗauka sai na ga Mai Tulu, wani soja da na yi awa talatin ina ajiye shi a layin gaba. Na ce ikon Allah, ashe Auta ma tana kallon tashata har ta kwaikwayi zanen. Haka fa na fara tunani! Sai na juya bayan katin na ga kwanan wata na shekara huɗu da suka wuce.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. A ƙasan kwalin akwai wani tsohon littafin rubutu mai shuɗin bango. Na gane shi tun kafin na buɗe. Tana da shekara goma sha huɗu ta zana wani labari na shafi talatin, ta kawo mini da hannu biyu ranar da na samu aikin maɗaba'a, wai kyautata ce. Ni kuma na zauna na bi shi shafi-shafi da jan biro, na mayar mata washegari. A lokacin gani nake na yi mata gata, don wa zai ɓata lokacinsa haka a kan zanen yarinya? Na buɗe littafin. Ga jan layi biyu. Ga "Sake." Ga "Wa ya koya miki haka?" Kusa da kowane gyara ta manna 'yar ƙaramar takarda mai lamba, ɗaya har zuwa sittin da bakwai. Ashe ba kwaikwayon rubutuna ta yi ba, hotonsa ta ɗauka ta sa a cikin wasan. Hannun da na nuna wa mutum dubu arba'in na ce na mai girman kai ne, hannuna ne. Ni da aikina ke nan gane harafin da ya karkace a shafi mai kalma ɗari biyar, na yi mako biyu ina kallon rubutuna ban gane shi ba.

Ban san tsawon lokacin da na yi zaune a ƙasan ɗakin ba. Na mayar da komai yadda yake, na ce wa Mama fankar sai an kira mai gyara, na fito ko ruwan da ta kawo mini ban sha ba.

Da na isa gida na gaya wa matata, ina jiran ta dafe ƙirji. Ko gezau. Ta ci gaba da ninke kayan yara. Ta ce ita ba ta san Auta ce ta yi wasan ba, amma tun ranar da ta leƙo ta ga mutumin nan a bayan tebur ta san da wa ya yi kama, ta ɗauka ni ma na sani ina basarwa ne. Tabɗijam! Wato a gidana ma kowa ya gane sai ni.

Tun ran nan nake ta lissafin baya. Yaushe rabon da Auta ta nuna mini wani abu? Na rantse ban tuna ba. Ta gama makaranta, sai a bakin Mama na ji sakamakonta. Ta samu aiki, sai da ta yi wata guda na sani. In na shiga ɗaki tana kan kwamfuta sai ta rufe murfin a hankali ta ce sannu da zuwa Yaya. Gaisuwarta ba ta taɓa raguwa ba, ladabinta cikakke ne, shi ya sa ban lura ba. Ni har cewa nake yi yarinyar nan ta watsar da zane, ba ta da naci. Ashe shekara goma sha biyar tana kife mini kati.

Amma Anti, ba zan yi miki ƙarya ba, ba kunya kaɗai nake ji ba, raina ma a ɓace yake. Haba! Ni ne fa na bar karatuna na kama aiki don ta ci gaba da nata. Ni ne na tsaya a gaban shugaban makarantarsu ranar da wani malami ya ci mutuncinta. Duk wannan bai isa a zana ba sai jan biro? Ta ɗauki rubutun hannuna ba da izinina ba ta baza a duniya, kuma ta aiko mini musamman, ta san dokata sarai, ta san ba zan bincika ba. Ta zauna tana kallona ina zagin kaina. Wannan ba tarko ba ne? In magana take da ni, bakinta ciwo yake?

Wasan zai fita ranar Juma'ar mako mai zuwa, kuma na yi wa mabiyana alkawarin cikakken sharhi a ranar. Na riga na rubuta shi tun kafin wannan abu. Tara cikin goma na ba shi. Maki ɗayan da na cire saboda ƙarshen ne: bayan an ci Mai Jan Biro ba ya mutuwa, sai ya koma kati ya shiga tarin mai wasa, kuma aikinsa daga nan shi ne duk bugun da aka kawo wa sojanka sai ya shiga gaba ya karɓa. Na rubuta cewa wannan raunin labari ne, mugu ba ya zama garkuwa haka kawai ba dalili. Yanzu ban san abin da zan yi da sharhin ba. In na sake shi na yi shiru, na yaudari mabiyana, don ban taɓa sharhin aikin ɗan uwana ba. In na faɗi gaskiya, na zama abin dariya har abada, kuma na tona mata asirin da ta ɓoye. In na janye shi, mutane za su ce na gano wani aibu ne, na kashe mata kasuwa a ranar farko.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan abu ɗaya. Auta ba ta san na sani ba. Jiya ta kira ni a kan maganin Mama, muryarta yadda take kullum, ni kuwa na kasa haɗa jimla biyu. Tsoro nake ji, Anti. In na yi magana da fushin nan, na san halina, zan rasa ta gaba ɗaya. In na yi shiru, za mu ci gaba da gaisuwar nan mai sanyi har ɗayanmu ya mutu. Ita kaɗai ce 'yar uwata a duniya. Me zan yi?

Naki cikin ruɗani,
Yayan Auta

Amsa

Wa alaikumus salam, Yayan Auta. Sannu. Ni ban taɓa buga irin wannan wasa ba, kuma a shekaruna ba na jin zan fara, amma ka yi bayani yadda na gane. Na karanta wasiƙarka sau biyu. A karon farko na yi dariya, ka yafe mini. A karo na biyu ban yi ba.

Bari na fara da ɓacin ranka, don yana da tushe. Auta ta ɗauki rubutun hannunka ta sa a abin da za ta sayar wa duniya ba ta tambaye ka ba. Wannan ba daidai ba ne, ko da babu wanda zai gane hannun waye. Kuma ta san dokarka, ta bi ta cikinta. Kana da haƙƙin ka gaya mata cewa abin ya yi maka ciwo. Ɗawainiyar da ka yi da ita ma gaskiya ce, ba wanda zai goge ta. Saurayi ɗan shekara goma sha tara da aka ɗora wa riƙon marainiya, ba wanda ya koya masa yadda ake yi, sai ya ba ta abin da ya iya. Kai gyara ka iya, shi ka ba ta, kana ganin ƙauna ce. Ban ɗauke ka mugu ba.

Amma ka kira abin tarko, a nan muka rabu. Wanda yake son ya wulaƙanta ka sunanka yake sawa, ko kamanninka, ko ya bari maganar ta fita bayan bidiyonka ya bazu. Auta ba ta yi ko ɗaya ba. Mako nawa ke nan da ka zagi kanka a gaban jama'a? Da ramuwa take nema, layi ɗaya ya ishe ta. Abin da ta rubuto maka godiya ce. Ka tambaya ko bakinta ciwo yake. Bakinta lafiya lau, ɗana. Ta taɓa kawo maka abu da hannu biyu, ya dawo mata da gyara sittin da bakwai. Ni a ganina ta so ta ji ra'ayin yayanta a kan aikinta sau ɗaya a rayuwa ba tare da ya san nata ba ne, don ta san in ya sani biro zai fito kafin ido ya gama kallo. Ka ga kuwa ba ta yi kuskuren lissafi ba. Baƙo ka yaba wa da kalmar da ba ka taɓa ba ƙanwarka ba.

Sai makin nan ɗaya da ka cire. Malam mai sharhi, ka koma ka karanta abin da ka rubuto mini. Ka ce duk ɗawainiyarka ba ta isa a zana ba. Sannan layi kaɗan a ƙasa ka ba ni labarin katin da yake shiga gaba ya karɓi bugun da aka kawo wa wani, ka ce ba shi da dalili. Wa ya tsaya a gaban shugaban makaranta? Ta zana wannan ma. Ta zana ka gaba da baya, wanda ta sha wuyarsa da wanda ta fake a bayansa, kuma ba ta kashe shi ba, cikin rundunarta ta sa shi. Wurin da ka kira rauni shi ne wurin da ta fi yi maka adalci.

Yanzu ga abin yi, kuma ka bi shi a jere.

Auta ce farko, mabiya daga baya. Kada ka taɓa sharhin nan sai ka gan ta, kuma ka gan ta kafin Juma'a, da kwana biyu ko uku a tsakani. Ba a waya ba, ba a rubuce ba. Kai mutumin rubutu ne, in ka zauna rubuta mata saƙo za ka gyara shi har ya zama takardar kare kai. Ka je da ƙafarka lokacin da ka san tana gida, ka nemi ku keɓe, kada ka sa Mama a tsakiya. Ka gaya mata yadda aka yi kwalin ya faɗo, don kada ta zaci bincike ka yi mata. Ka ce ka ga katin, ka ga littafin.

Maganar ɓacin ranka ka ajiye ta zuwa wani zama. Ban ce ka haɗiye ta har abada ba, za ta zo, kuma ina kyautata zaton ita da kanta za ta taso da ita. Amma in ka haɗa ban haƙuri da ƙorafi a zama ɗaya, ƙorafin kaɗai za ta ji.

Game da sharhin, ba za ka sake shi ka yi shiru ba, wannan yaudara ce, ka faɗa da kanka. Ba kuma za ka janye shi ba bayani ba, don zai cuce ta. Ka gaya wa mabiyanka cewa bayan ka gama rubuta sharhin ka gano kana da dangantaka ta kusa da wanda ya yi wasan, da cewa ba ka canza ko kalma ɗaya ba tun da ka sani, su auna maganarka da wannan a ransu. Iyakar abin da suke bin ka ke nan. Ko za a ce ƙanwarka ce, ko za a faɗi hannun waye a kan katin, wannan sirrinta ne, ita za ta yanke. Ka nuna mata kalmomin da za ka faɗa kafin ka faɗe su. In wata rana maganar ta fito aka yi maka dariya, za ka rayu. An yi wa waɗanda suka fi ka, kuma mutane suna saurin yafe wa wanda ya riga su yi wa kansa dariya.

Kada ka sa rai za ta faɗo jikinka tana kuka. Mai yiwuwa ta tsorata, mai yiwuwa ta yi shiru, mai yiwuwa ta ce ba komai Yaya ta rufe maganar. Abin da aka yi shekara goma sha biyar ana ginawa ba ya rushewa a yini ɗaya. In ta rufe, kada ka matsa. Ka dawo wani makon, da wanda ke bayansa. Ka gode wa matarka kuma, ta daɗe tana haƙuri da abin da ba ta faɗa ba, ita ma akwai zaman da take bin ka.

Abu na ƙarshe shi ne mafi wuya ga mai irin halinka. In kun zauna, ka dube ta ka ce mata aikinta ya yi kyau, kuma ka yi nadamar abin da ka yi wa littafin nan. Daga nan ka kama bakinka. Za ka ji wata "amma" tana taso maka daga ciki, tana so ta bayyana niyyarka, ta tuna mata abin da ka yi mata, ta nuna inda za a ƙara gyarawa. Ka danne ta. Ka zauna cikin shirun nan ko da ya yi maka tsawo, ka bar Auta ta zama wadda za ta fara magana.

Allah ya sanyaya zukatanku, ya ba wasanta kasuwa, ya ƙara wa Mama lafiya, ya bar ku tare.

Anti